Takardar Masu Babura: Daga Yelwa Zuwa Gaɓar Tafkin Kainji

A tsakiyar watan Nuwamba na 2021 gwamnatin jihar Neja ta haramta sayar da wasu nau'o'in babura a faɗin jihar. Sakataren gwamnati, Ahmed Ibrahim Matane, shi ya fitar da sanarwar da yawun Gwamna Abubakar Sani Bello. An ambaci Bajaj da Boxer da Honda Ace da wasu samfura biyu, aka ce haramcin ya shafi masu ƙarfin inji daga cc 185 zuwa cc 1,000. Dalilin da aka bayar babu wanda zai ƙaryata shi a ƙasar nan: 'yan bindiga sun koma haɗawa da sababbin babura a cikin kuɗin fansa.

Kawuna dillalin babura ne a Yelwa, kuma Yelwa a jihar Kebbi take. A takarda dokar ba ta shafe shi ba. Amma duk wanda ya san yadda Yauri ta zauna ya san Neja ta rungume ta ta gabas da kudu da ƙetaren ruwa. Kayan Kawu daga Legas suke tasowa, su bi Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora kafin su sauka a shagonsa, wato kusan rabin tafiyar a cikin Neja ake yin ta. Direbobin da suka saba ɗauko masa kaya suka fara noƙewa, kowa na tsoron a tsare masa mota. Masu sayen kuma, da yawansu mutanen Rofia ne da Agwara da ƙauyukan Magama, 'yan Neja da kasuwarsu ta gado ita ce Yauri. Da sanyin Disamba ya kankama sai Kawu ya aiko mini cewa su masu sana'ar, na Kebbi da na Neja, sun shirya rubuta takardar koke, suna son wanda zai tsara musu ita da Hausa da Turanci, suna kuma son a zaga a ji bakin mutanen karkara kafin a rubuta.

Daga Birnin Kebbi na bi ta Jega da Koko. Hazo ya rufe gari, direba na tafe da fitila a kunne da hantsi. Bayan Koko ƙasar Shanga ta fara, kuma a nan na soma ƙirga abin da babur ke ɗauka, har na gaji na bari: buhun masara biyu a baya ɗaya a kan tanki, akuya a ɗaure cikin kwando, mace da goyo da tulin ƙwarya, malamin makaranta da jakarsa a ƙirji. Kwalta ɗaya ce ta ratsa yankin daga arewa zuwa kudu. Duk abin da ke hagu da damarta, har zuwa Dugu da tungayen bakin kogi, turba ce ta yashi da kwazazzabo wadda mota ba ta shiga da damina. Wani ɗan kabu-kabu da muka sha shayi tare a Giron Masa ya ce mini a garinsu idan naƙuda ta yi gardama, babura biyu ake nema, ɗaya ya ɗauki mai ciki da wadda za ta riƙe ta, ɗaya ya ɗauki mijin da kaya.

Na iske Kawu a ƙofar shago yana lazimi. Shagon da na sani cike da kwalaye har rufi ya koma fili, sai 'yan tayoyi da gwangwanayen baƙin mai. Yaransa masu haɗa babur, waɗanda kan ciro shi daga kwali su ɗaura ƙafa da kai su tayar da shi kafin shayi ya huce, suna zaune a kan benci suna kallon titi.

"Ka iso lafiya, ɗana? Ya ka baro uwar taka?"

"Lafiya lau, Kawu. Tana gaishe ka. Ya kasuwa?"

"Kasuwa ga ta nan kana gani. Mun gode Allah."

Da dare dillalai suka taru a zaurensa. Wani matashi a cikinsu ya kawo maganar da ta fi kowace ƙarfi a wajena. Ya ce Boxer da manomi ke saye cc 100 ce, babbarta 150. Honda Ace, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Boko Haram saboda yadda mutanen daji ke son ta, ba ta wuce 125 ba. Sanarwa ta kira sunayen waɗannan babura, sannan ta sa iyakar da ta fara daga 185. To wanne za a bi, sunan ko lambar? Idan lambar ce, kusan babu abin da aka hana a cikin kayan da suke sayarwa. Idan sunan ne, an hana komai. Mai shago ba ya iya yanke wannan hukunci da kansa, direban tirela ma haka, don haka kowa ya ɗauki fassarar da ta fi tsanani ya zauna a kanta. Wannan matashi kotu yake so a tafi.

Na gaya musu abin da na sani game da wannan hanya. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita irin wannan 'yanci ta hanyar doka idan tsaro da lafiyar jama'a suka buƙata. Lauya zai fara da tambayar wace doka ce sanarwar ta jingina da ita, kuma tambaya ce mai kyau. Sai dai a 2012 'yan acaɓa sun kai gwamnatin Legas ƙara kan dokar da ta hana su bin manyan tituna, babbar kotun jihar ta kori ƙarar. A Kano an hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sana'ar ba ta sake komawa yadda take ba. Alƙali ba ya saurin karya matakin da aka ce na tsaro ne, balle a shekarar da ake kwashe ɗalibai daga makarantu.

Kawu ya saurara har na gama. "Mu ba faɗa muka zo yi da hukuma ba," in ji shi. "Ƙofa muke nema. A ce mana ga wanda za mu gani, ga sharaɗi, ga ranar da za a sake duba magana."

Ina ganin nan ne ciwon yake. Shekarar 2021 ta zo da ruwan dokoki a arewa maso yamma. Katsina ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanci da sayar da fetur a jarka. Sakkwato ta yi makamancin haka a kasuwanninta na gabas. Zamfara ta rufe layukan waya a farkon Satumba, Kaduna ta hana hawa babur na wata uku daga ƙarshen watan. Tun a Mayun 2019 ma sojoji sun hana babura shiga dazukan jihohi bakwai, har da Kebbi da Neja. Ba na cikin masu cewa gwamnoni sun yi haka don mugunta. Jini ake zubarwa, kuma dole mai mulki ya yi wani abu. Abin da nake ƙi shi ne a sa ɗan kasuwa mai rasit da lambar shago a kwando ɗaya da mai kai wa daji kaya, sannan a bar shi bai san inda zai je ya wanke kansa ba.

Muka kama hanyar Ngaski da sassafe, ni da Kawu da wani dattijo daga cikin dillalan Kwantagora. Ba mu yi nisa da Yelwa ba muka ratse Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarauta kafin a koma Yelwa. A nan ne ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga a kan babura suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da rana tsaka suka tafi da ɗalibai da malamai. A lokacin da muka je an sako wasu a watan Oktoba, saura suna hannun mutanen ɗan bindigan nan Dogo Giɗe. Makarantar a rufe take, ciyawa ta bushe a filin wasa. Babu wanda ya yi magana a motar sai dattijon nan da ya yi salati.

A garin ba mu sami hannun da muke nema da sauƙi ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Wani magidanci da muka gaisa da shi a gindin bishiya ya ji abin da ke tafe da mu, ya dubi Kawu ido cikin ido.

"Alhaji, waɗanda suka zo nan ba da ƙafa suka zo ba. Kowane mashin da suka hau, wani ne ya sayar da shi, ya ƙirga kuɗi, ya sa aljihu. Kai ka san duk wanda ka sayar mawa?"

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci. "Ban san duka ba, malam. Wallahi ban san duka ba."

"To ka rubuta wannan a takardar taku."

Mun rubuta shi. Daga wannan tambaya ce sharaɗin farko ya fito: duk babur da za a sayar a shiga da shi littafi, da lambar inji da lambar jiki, da sunan mai saye da hotonsa da lambar katin ɗan ƙasa, kuma ya zo da takardar mai unguwa ko dagacin garinsu. Littafin ya zama a buɗe ga jami'an tsaro kowane lokaci. Wanda aka kama ya sayar ba tare da haka ba, ƙungiyar dillalai ta fara miƙa shi kafin hukuma ta nema.

Daga Malando hanya ta karkata kudu, ta bi Garin Baka da Ngaski ta nufi Wara. Gonakin dawa an girbe, kara a tsaye, Kambari suna tafe a gefen hanya da kaya a kafaɗa kamar yadda suka gada. Ƙura ta shiga ko'ina, har cikin haƙora. Can da azahar iska ta sauya, ta zo da ɗanshi da ƙamshin bandar kifi, sai ga ruwa ya buɗe a gabanmu har iyakar gani.

Tafkin Kainji ɗan shekarar 1968 ne. Da aka gama madatsar ruwa, ruwan ya dawo baya kusan kilomita 130, tun daga Kainji har gindin Yelwa, ya haɗiye tsohuwar Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya haɗiye tsibiran da Gungawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman albasa da gero a kansu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka zaunar a sababbin ƙauyuka. Wutar da madatsar ke samarwa ta tafi birane, har da Yamai ta Nijar. Mutanen da aka tayar kuwa aka bar su da ruwa a gaba, turba a baya, kuma abu biyu ne suka haɗa su da duniya: kwale-kwale mai inji da babur.

Disamba lokacin baƙin ruwa ne, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni a hanya kafin ya iso, don haka tafkin a cike yake. A cikin wannan cikar ne kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 ke ɓoye. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga ɓangaren Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse kafin ya kai Wara. Kaɗan ne suka tsira. An yi kwanaki ana tsamo gawa, galibi mata da yara da 'yan kasuwa. Bayan wannan ne hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda ɗan Yauri Abubakar Sadiq Yelwa ke shugabanta a lokacin, ta shiga rabon rigunan kariya da sare kututture. A mashigar Wara na ga wasu sanye da rigar, wasu sun mayar da ita matashi.

Wata dattijuwa mai sana'ar banda ta ba mu wuri a rumfarta. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa na jere a kan waya, hayaƙi na tashi. Da ta ji zancen babura sai ta ajiye wuƙa.

"Ɗan nan, rubuta. Kifina ɗanye daga tunga yake zuwa kafin rana ta yi zafi. Jikana ke ɗauko shi da mashin. Mashin ɗin ya tsufa, mun tara kuɗin sabo tun kaka, ga kuɗi babu kaya, wanda ake samu kuma ya yi tsadar da ba mu iyawa. In ya mutu a hanya kifi ya ruɓe. In na ce a biyo ruwa da shi, kai ma ka ji abin da ruwan ga ya yi muna bana."

"Na rubuta, Inna."

"Ka ƙara da cewa ɓarawo bai rasa mashin ba. Mu muka rasa."

Wannan ita ce maganar da na fi ji a duk zagayen, daga baki daban-daban. Wanda ke karɓar miliyoyi a daji ba ya jin tsadar babur. Idan an rufe Kwantagora zai sa a kawo masa daga wata jiha ko ta kan iyaka, in ya so ya ƙwace na manomi a hanyar gona. Doka ta jiha ɗaya a kan hajar da ke da ƙafa biyu tana tsayawa ne a kan wanda ba shi da hanyar kauce mata. Watanni bayan tafiyarmu, a Yulin 2022, Ministan Shari'a Abubakar Malami, shi ma ɗan Kebbi, ya ce majalisar tsaron ƙasa na duba yiwuwar hana babura a Najeriya baki ɗaya. Ƙasa ta ɗauka, maganar ba ta zama doka ba. Da na ji ta, rumfar bandar nan ta Wara na tuna.

Wani tsohon masunci daga cikin Sarkawa ya kawo mana misalin da ban zo da shi ba. Ya ce a shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kifin Kainji, an hana jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi. Amma kafin a hana an zauna da sarakunan ruwa, an ƙirga jirage, an yanka wa masunta lasisi, kowa ya san a gaban wa zai kai kuka. "Ba kowa ya bi ba," in ji shi, "amma wanda ya karya ya san ya karya, wanda ya bi kuma ba a taɓa shi." Muka ɗauki wannan ya zama sharaɗi na biyu: a kafa kwamiti a kowace ƙaramar hukuma, da wakilin uban ƙasa da na jami'an tsaro da na 'yan kasuwa, wanda zai ba dillali izini ko ya janye, kuma a sa wa haramcin wa'adin da za a riƙa sake duba shi.

Muka dawo Yelwa, muka gangara Zamare don ƙetarawa Rofia. Jirgin katako ne dogo, an loda masa buhunan siminti da babura uku a kwance da mutane a kan kaya. Ƙaramar hukumar Agwara tana cikin Neja, amma mutuminta da ke son zuwa Minna yakan ƙetare ruwan nan ya shigo Kebbi tukuna, sannan ya sake komawa jiharsa ta Kwantagora. A ƙetaren mun gaida wani basarake, muka zube muka yi bayani. Ya sa aka karanta masa daftarin Hausa tun daga bisimilla har ƙarshe.

"Kun manta ma'aikatan allurar rigakafi da malaman makaranta," in ji shi. "Da me za su shiga ƙauyukana?"

"Ranka ya daɗe, za a sa."

"A sa su a sama. Sannan ku cire kalmar zalunci da na ji a tsakiya. Wanda kake roƙo ba ka fara da zaginsa."

Aka cire. Wasu suka sa hannu, waɗanda ba su rubutu suka dangwala yatsa.

Magana ɗaya ce ta hana mu barci a daren ƙarshe, kuma dattijon Kwantagora ne ya tayar da ita. Ya ce akwai mai sayen da kowane dillali ya sani tun daga ƙofa: ba ya taya farashi, ba ya duba launi, ba ya tambayar shan mai. Yakan zo da sunan samfur a rubuce a 'yar takarda, idonsa ja. An ɗauke masa ɗa ko mata, an ce ya kawo kuɗi kaza da Honda biyu sababbi a leda. Ya sayar da gona da shanu. Idan ka sayar masa, ka san inda babur ɗin zai kwana da abin da za a yi da shi. Idan ka hana shi, ka san abin da za a yi wa ɗansa. Wannan mai sayen shi ne ainihin wanda sanarwar Neja ta nufa, kuma littafin rajista da takardar mai unguwa ba su warware matsalarsa ba, domin mai unguwar ma ya san gaskiya, kuma zai sa hannu.

Matashin nan ya ce a bar wannan a waje, kada a ba hukuma sandar dukan 'yan kasuwa. Dattijon ya ce takardar da ta ɓoye wannan ba ta cancanci a karanta ta ba. Aka juyo wurin Kawu.

"Ni an zo mini," ya ce. "Mutumin da muka yi makarantar allo tare. Na ce masa babu kaya, alhali akwai. Ya tafi wani wuri ya saya da tsada. Har yau in mun haɗu a masallaci yana gaishe ni, ni ke kasa ɗaga kai." Ya gyara zama. "Ɗana, rubuta haka: mun yarda ba za mu sayar don fansa ba. Amma muna roƙon hukuma ta faɗa muna inda za mu tura uban da muka hana, wurin da zai je a saurare shi a ranar, a kuma bi masa sawun ɗansa. In babu wannan wuri, an ɗora muna kayan da ba namu ba."

Haka na rubuta shi, ya zama sakin layi na ƙarshe kafin sa hannu. 'Yan matan Birnin Yauri goma sha ɗaya da suka rage a daji ba su dawo gida ba sai a Afrilu da Mayun 2023, bayan iyayensu sun fito neman taimakon jama'a.

Da asuba aka buga takardar a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, aka yi kwafi uku: ɗaya na fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, don a san da zancen a gida, ɗaya na ƙungiya, ɗaya kuma dattijon Kwantagora ya sa a aljihun 'yar ciki ya hau motar Minna. Kawu bai jira amsa ba. Kafin in kama hanyar Koko ya aiki yaro kasuwa ya sayo babban littafi mai bango baƙi, ya sa na ja masa layuka: kwanan wata, samfur, lambar inji, lambar jiki, sunan mai saye, garinsu, sunan mai unguwar da ya tsaya masa.